Ciwon da Aka Jingina wa Daji

Ranar sadakar bakwai ta Halimatu Sa'adiya, mata sun cika tsakar gidan iyayenta a Mabai, ana ta rabon gumba da waina. Ƙanwarta Suwaibatu ta zagaya bayan ɗaki ɗebo itace, a nan ta ji wasu mata biyu suna magana ƙasa-ƙasa.

"Allah Ya jiƙan ta dai, amma an ce tun daga daji ta kwaso shi."

"Ai mijin ne ya faɗa da bakinshi. Wa ya san abin da aka yi da ita a can?"

Suwaibatu ta tsaya da itace a hannu har suka gama. Ta koma ta ci gaba da hura wuta, idanunta na zubar da ruwa, kowa ya ɗauka hayaƙi ne.

Sa'adiya ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goyi Suwaibatu. Ta auri Alhaji Nata'ala, wani ɗan kasuwar hatsi a Kankara mai motar ɗaukar kaya, ta haifa masa 'ya'ya shida, ɗaya ce ta rayu, Rukayya. Nata'ala mutum ne mai fara'a da kyauta a waje, amma kowa ya san shi da auri-saki. Kafin Sa'adiya ya auri wasu mata sun fita, tana gidan ma ya auri wasu sun fita, ban da abin da direbobinsa ke faɗa na kwanan hanya idan an kai masara Kudu. Sa'adiya ce kaɗai ta daɗe, don ita ba ta da baki.

Wata damina tana dawowa daga biki a Sabuwa 'yan bindiga suka tare motarsu, suka kora su daji. Sai da 'yan'uwanta suka sayar da gonar gado aka karɓo ta. Ta dawo a rame, ba ta taɓa ba kowa labarin zamanta a can ba, kuma ba wanda ya tambaye ta. Ba a rufa shekara ba jini ya fara zubo mata ba lokacin al'ada ba. Daga jini sai wani ruwa mai wari, sai ciwon mara da na baya da ke hana ta miƙewa. Nata'ala ya fara da daina shiga ɗakinta. Daga nan ya sa aka mayar da ita ɗakin ajiyar buhuna da ke bakin ƙofar baya, wai wari na korar masa baƙi. Ranar da likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta riga ta bazu, a ranar ya sake ta. Da yamma ya zauna a majalisar ƙofar shagonsa ya ce ciwon daji ne a zahiri, don daga daji aka ba ta shi, shi kuwa ba zai zauna da ragowar ɓarayi ba.

Suwaibatu ce ta ɗauko ta, ita da Rukayya, a bayan a-kori-kura zuwa Mabai. Ita ta yi ta wankin zannuwa har hannuwanta suka tsage. Ita ce kuma ta ji maganar ƙarshe da yayarta ta yi da hankalinta, ba kuwa ta ciwo ba ce. Cewa ta yi, "Ke ma kin yarda da abin da ya ce?"

Bayan an share makoki, Suwaibatu ta shiga Kankara ta nemi Alheri, ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa duba Sa'adiya. Ta same ta tana wanke hannu bayan ta sallami masu awon ciki.

"Sista, tambaya gare ni, kuma gaskiya nike so. Ciwon da ya kashe Yaya, a daji ta samo shi?"

Alheri ta jawo mata benci. "Yaushe aka ɗauke ta?"

"Daminar da ta wuce waccan."

"To ba daga can ba ne. Wannan ciwon ba ya girma a shekara ɗaya. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, mu muna ce mata HPV. Ta wurin kwanciyar aure ake ɗaukar ta. Tana iya zama a jikin mace shekara goma, sha biyar, har fiye, ba ciwo ba alama, kafin ta zama sankara. Yayarki ta daɗe da ita tun kafin a tare motar nan."

"Namiji fa?"

"Namiji na ɗauke da ita bai sani ba, yana rabawa. Yawanci ba ta nuna mashi komai."

Suwaibatu ta ce, "Ke nan Alhaji ne."

"Ban ce ba," in ji Alheri. "Ki saurare ni da kyau. Ƙwayar nan ta yi yawa a cikin mutane, mafi yawan mata jikinsu na kashe ta da kanshi. Wadda aka aurar da wuri, wadda ta yi haihuwa da yawa, wadda mijinta ke yawan mata, wadda jikinta ya yi rauni, su ta fi kamawa ta zauna. Amma ba ni da gwajin da zai nuna mani sunan mutum."

"Yaya ba ta san wani namiji ba sai shi."

"Wannan ke kika sani. Abin da ni na sani shi ne, da an duba ta da wuri da an tare shi. Ki kawo mani ɗiyarta a yi mata rigakafi, ke ma ki hau gado in duba ki."

Suwaibatu ta yi duka biyun a makon. Aka yi wa Rukayya allura, ita kuma aka ce lafiyarta lau. Amma ba abin da ta ɗauko daga asibitin ba ke nan. Abin da ta ɗauko shi ne cewa Nata'ala ya yi ƙarya, kuma akwai matan da ya saki a warwatse cikin garuruwa.

Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana bin kasuwanni, don haka tambaya ba ta yi mata wuya ba. Wasu daga cikin matan sun yi aure nesa. Ɗaya a Pauwa ta rufe mata ƙofa da jin sunan Nata'ala. A ƙarshe wata mai sayar da daddawa ta ce mata uwargidansa ta fari, Baraka, tana nan a Sabuwa, ba ta sake aure ba tun da ya sake ta.

Mijin Suwaibatu, Bilya, ya ce ba za ta bi hanyar Sabuwa ba. "Hanyar da aka ɗauke yayarki? Wanda ya mutu ya mutu, Suwaiba. Ki bar shi da Allah."

"Na bar shi da Allah a lahira," ta ce. "Na duniya nawa ne."

Bilya ya san matarsa. Ya raka ta tasha da kansa, ya zaɓa mata motar da za ta bi ayarin 'yan kasuwa.

Ta sami Baraka a wani ɗan gida na ƙasa a gefen gari, tana tsinke zogale. Mace ce da ta haura hamsin, doguwa, mai kaifin ido. Suka gaisa, Suwaibatu ta faɗi ko ita wace ce. Baraka ta yi mata ta'aziyya, ta ce ta ji labari.

"Kin ji abin da ya ce a kanta, Hajiya?"

"Na ji. Ni ce mani ya yi juya, bayan na binne mashi 'ya'ya huɗu. Bakinshi bai canza ba."

Suna cikin hira Baraka ta tashi ɗauko ruwa. Suwaibatu ta bi ta da kallo, ta ga yadda take dafe ƙugu, ta ga tsummokaran da aka shanya a ɓoye bayan rumbu. Ta yi wata da watanni tana wanke irinsu, ba ta buƙatar a gaya mata.

"Hajiya, ba ki daina al'ada ba?"

Baraka ta tsaya cak. Da ƙyar ta ce ta daina tun tuni, amma kwanan nan abin ya dawo, kaɗan-kaɗan. Wani mai magani ya ce basir ne ya sauko, tana shan jiƙo.

Sai da Suwaibatu ta kwana biyu a gidan kafin ta shawo kanta. Ta biya mata mota, ta riƙe mata jaka, ta kai ta har gaban Alheri. Alheri ta duba ta, ta tura su babban asibiti a ɗauki ɗan nama a auna. Duk tsawon jiran sakamakon Suwaibatu na kai wa Baraka abinci a gidan wata 'yar'uwarta a Kankara, kowa na sa mata albarka. Ita kaɗai ta san abin da take roƙo a ranta.

Ranar da sakamako ya fito, likita ya ce sankara ce, amma ba ta yi nisa ba, idan aka yi aiki aka cire mahaifar akwai kyakkyawan zato. Baraka ta ce innalillahi, ta juyo neman idon da za ta jingina da shi. Sai ta ga fuskar Suwaibatu.

Sai da suka fito ƙarƙashin wata dalbejiya sannan Baraka ta yi magana.

"Ke yarinya, murna kike."

Suwaibatu ta kawar da idonta.

"Na gani a idonki. Ba don ni kika bi hanyar Sabuwa ba. Shaida kike nema, kin samu."

"Hajiya, ki yafe mani."

"Ban ce ki ba ni haƙuri ba. Da ba ki zo ba da ina can ina shan jiƙo har in ruɓe. Amma kar ki ƙara yi mani fuskar tausayi, ba ta yi maki kyau." Baraka ta gyara mayafinta. "Yanzu faɗa mani, me kike so a yi mashi? Don ni ma ina da nawa, ya fi naki daɗewa."

Suwaibatu ta riga ta san abin da take so. Nata'ala na neman wata bazawara a Faskari, Ummu Salma, tela ce mai shagonta, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. An tsayar da ranar da zai je da mutanensa wurin baffanta, Malam Gide, a sa ranar aure.

A ranar Suwaibatu da Baraka suka sauka Faskari da hantsi. Ba su bi ta zaure ba, suka shiga cikin gida wurin mata, suka nemi Ummu Salma ta ba su minti kaɗan a ɗaki. Suwaibatu ta ba ta labari tun daga ɗakin buhuna har zuwa majalisa. Ba ta ƙara gishiri ba, don abin bai buƙata. Ummu Salma ta saurara tana murza zoben hannunta.

"Ni ce mani ya yi ya yi jinyarta har ƙarshe," ta ce.

"A bayan a-kori-kura na ɗauko ta, ko tabarma bai ba mu ba."

Ummu Salma ta aika a kira baffanta. Malam Gide, dattijo mai farin gemu, ya shigo ya ji. Ya ce shi ba ya yanke hukunci da jin baki ɗaya, su zo su faɗa a gaban mai shi.

Nata'ala na zaune a zaure bisa darduma cikin farar shadda, abokansa biyu a gefe, ga ƙwaryar goro a tsakiya. Yana ganin Suwaibatu fara'arsa ta ɗauke. Da ya ga wadda ke bayanta sai ya gyara zama.

"Malam, wannan ƙanwar marigayiya ce, baƙin ciki ya taɓa mata kai. Kar a biye mata."

"Kaina lahiya lau, Alhaji," in ji Suwaibatu, ta durƙusa daga bakin ƙofa. "Baba, a tambaye shi, ya ce yayata daga daji ta kwaso ciwonta ko bai ce ba?"

Malam Gide ya dube shi. Nata'ala ya ce abin da kowa ya sani ne, mace ta yi makonni a hannun ɓarayi, ta dawo da ciwon mata, me ake so ya ce?

"Likitoci sun ce ciwon na shekara goma ko fi a jiki kafin ya fito," ta ce. "Shekara goma da ta wuce a gidan wa take?"

"Zancen asibiti! Su me suka sani?"

Sai Baraka ta matso. Ba ta durƙusa ba.

"Nata'ala, ka gane ni?"

Nata'ala ya juyar da kai gefe.

"Ina da shekara sha huɗu aka kai ni gidanka. Ban san wani namiji kafinka ba, ban san wani bayanka ba, Sabuwa duk shaida ce. Ciwon da ya kashe Sa'adiya shi ne a jikina yanzu, jibi za a kai ni a yanka. To faɗa wa Malam, ni wane daji aka kai ni?"

Ɗaya daga cikin abokan Nata'ala ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Nata'ala ya fara rantse-rantse, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi, a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ya ce haɗa baki aka yi, mata ne da hassada.

Daga bayan ƙyaure muryar Ummu Salma ta fito.

"Baffa, ciwo na Allah ne, ni ma ban san abin da ke jikina ba, zan je a duba ni. Ba don ciwo ba. Amma mutumin da matarshi za ta kwanta ya kai ta ɗakin buhuna, ya fita ya yi mata ƙazafi tana numfashi, ba ni aurenshi. A mayar mashi da goronshi."

Malam Gide ya tura ƙwaryar goron da ƙafarsa zuwa gaban Nata'ala. "Ka ji, Alhaji. Bazawara ita ke da kanta. Allah Ya kiyaye hanya."

Da Nata'ala ya zo fita, sai da ya raɓa ta gefen Suwaibatu. Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido. Tun rasuwar Sa'adiya ba ta ci abinci ya yi mata daɗi ba sai a ranar.

Bai bar ta haka ba. Kafin mako ya zagayo ya aiko ƙannensa Mabai suka ɗauke Rukayya, suka ce ɗiya ta uba ce. Yarinyar na kuka tana riƙe da zanen Suwaibatu aka ɓamɓare ta, aka kai ta gidan wata gwaggonta. Bilya ya ce, "Kin gani? Ga abin da nike gudu."

Suwaibatu ta yi kukanta a ɗaki, ta wanke fuska, ta ɗauki tallanta. Daga ranar duk kasuwar da ta ci, a Kankara ne ko Faskari ko Sabuwa, duk matar da ta tsaya sayen mai sai ta tafi da labari biyu. Na farko, mace ta je a duba bakin mahaifarta tun tana jin ƙarfinta, ta kai 'yan matanta rigakafi, jinin da ya zo ba lokacinsa ba kuma ba basir ba ne. Na biyu, abin da Alhaji Nata'ala mai hatsi ya yi, da tambayar da Baraka ta yi masa a zauren Malam Gide. Na biyun ya fi saurin tafiya. Mata suka kai shi gidajen biki da suna, maza suka kai shi tasha. Har ta kai idan Nata'ala ya wuce, wani daga cikin masu dako sai ya ce da ɗan'uwansa, "Ni wane daji aka kai ni?" a kwashe da dariya. Ya nemi aure a Pauwa aka ce an yi wa yarinyar miji. Ya nemi wata a cikin Kankara, uwarta ta ce ko gawarta ba za a kai gidansa ba. Majalisar ƙofar shagonsa ta watse, saura shi da yaran shago.

Da kaka ya turo dattawa biyu wurin mai garin Mabai, a roƙi Suwaibatu ta rufe bakinta. Aka kira ta, ta zo ta durƙusa.

"Baba, sharaɗi biyu gare ni. Ya dawo mani da Rukayya. Sannan ya zo masallacin garin nan ranar Juma'a, ya tsaya gaban mutanen da suka yi wa Yaya sallah, ya ce ƙarya ya yi mata."

Dattawan suka ce na biyun ya yi tsauri, mutum ne mai iyali da mutunci. Ta ce yayarta ma tana da shi. Limamin garin, wanda ke zaune a wurin, ya ce ƙazafi a bainar jama'a aka yi shi, a bainar jama'a ake janye shi, kuma wannan sauƙi ne aka yi masa.

Ya zo. Bayan an sallame liman ya ce jama'a su ɗan dakata. Suwaibatu na tsaye a bayan katangar masallaci tare da wasu mata, cikinsu har da biyun da ta ji a bayan ɗaki, don ita ta aika a kira su. Nata'ala ya miƙe, ya yi magana a cikin gemunsa, ba wanda ya ji sai sahun gaba.

Sai ta ji muryar Bilya daga can baya, mijinta da bai taɓa ɗaga murya a taro ba. "Alhaji, mu nan ba mu ji ba."

Aka miƙa wa Nata'ala lasifikar ladan. Muryarsa ta fito bisa rufin masallaci, ta shiga kowane gida a Mabai. Ya ce abin da ya faɗa a kan Halimatu Sa'adiya ba shi da hujja a kai, ƙarya ya yi mata, matar kirki ce, ya zalunce ta tana da rai, yana neman gafarar Allah da ta danginta.

Da yamma aka kawo Rukayya da ƙullin kayanta. Tare da ita aka aiko da saƙo, Alhaji na tambaya ko yanzu an yafe masa.

Suwaibatu na tsefe wa yarinyar kai, wanda ya yi wata biyu ba a taɓa ba. Ba ta ɗago ba.

"Ku ce mashi na daina ba da labarinshi a kasuwa, alkawari ne. Yafiya kuwa ba tawa ba ce. Mai ita tana maƙabarta, ya je ya tambaye ta."

Washegari ta dama kunun gyaɗa ta zuba a kula, ta kama hannun Rukayya suka shiga motar Kankara. An daɗe da sallamo Baraka bayan aiki, amma ɗinkin bai gama kamewa ba, kuma ta aiko cewa abincin gidan da take ba gishiri.